Kayan aikin da mai babur zai tanada in yana so ya riƙa gyara da kansa

Wani ɗan'uwa ne ya yi tambaya, ya ce ya sayi ƙaramin babur irin mai cc 125 ɗin nan, kuma ya gaji da kai shi wajen bakanike kan kowane ɗan abu, to waɗanne kayan aiki ya kamata ya saya, sannan waɗanne kayan gyara zai ajiye a gida saboda ko ta kwana?

To malam, abu na farko da zan gaya maka shi ne kada ka je ka kwaso ƙaton akwatin nan mai kaya ɗari da wani abu a ciki, rabinsu ba za ka taɓa su ba har babur ɗin ya tsufa, waɗanda za ka yi amfani da su ɗin kuma yawanci ƙarfen banza ne, kana matsawa bakin ya buɗe. Babur ba ya buƙatar kaya da yawa, kaya masu kyau yake buƙata waɗanda suka yi daidai da notinansa. Yawancin mashinan da ake kawo wa bakanike bayan mai su ya "gwada gyarawa" ba rashin kayan aiki ne ya kashe su ba, an sa sifanar da ba ita ba ce ko kuma an ɗaure abu fiye da kima har ya tsinke. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauki littafin babur ɗin ka duba, in babu ka nemi na irinsa a intanet, sannan ka tsuguna ka zagaya mashin ɗin ka ga irin notinan da ke jikinsa.

Sifana dai ita ce uwar tafiya. Baburan Japan da na Indiya da na China duk da milimita aka yi su, kuma lambobin da za ka yi ta cin karo da su su ne 8, 10, 12, 14, 17, sai 19, wani lokaci notin aksul na baya yakan kai 22 ko 24, wannan ka auna naka ka sayi guda ɗaya tal. Lamba 13 da 15 kusan ba za ka gan su a mashin ɗin Japan ba, an fi samunsu a na Turai, Harley-Davidson kuwa yawancin notinansa da inci ne, wannan wata duniya ce daban. Ka sayi irin sifanar da ke da baki buɗe a gefe ɗaya, zobe a ɗaya gefen, kuma duk inda zoben zai shiga to da shi za ka kwance, bakin nan buɗaɗɗe gefe biyu kawai yake kamawa, shi ne yake cinye kan noti ya mai da shi mulmulalle. Lamba 10 da 12 ka sayi bibbiyu, domin akwai wuraren da sai ka riƙe ɗaya ka juya ɗaya, kuma lamba 10 ɗin nan ɓata take yi ba ka san inda ta shiga ba, duk wanda ya taɓa aikin inji ya san wannan. Sai ka haɗa da soket na waɗannan lambobin da hannunsa mai ƙaras-ƙaras da ɗan ƙarin tsawo guda, amma ka nemi soket mai kusurwa shida a ciki ba mai sha biyu ba, ya fi riƙe noti musamman wanda ya fara tsatsa. Sifanar nan da ake buɗewa a rufe da babban yatsa kuwa, ajiye ta don riƙe wani abu kawai, kar ka kai ta jikin inji.

Sukundireba ce inda mutane suka fi cutuwa ba su sani ba. Sukurori masu kan kuros da ke jikin Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki yawancinsu ba Phillips ba ne ko da yake a ido kamar ɗaya suke, ma'aunin Japan ne da ake kira JIS, in ka duba da kyau sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen kuros ɗin. Ita Phillips bakinta ba ya zama daram a ramin, kana murɗawa da ƙarfi sai ta yi sama ta zame, sau biyu sau uku kan sukurun ya zama rami kawai, shike nan ka shiga uku, musamman a kan kwanon kafireto ko murfin man birki inda sukurorin suke da laushi. Ka nemi JIS lamba 2, kamfanin Vessel na Japan na yinta, kuma tana kama Phillips ɗin ma lafiya lau. Ka samu mai faɗin baki babba da ƙarama. In da hali ka ƙara da irin wadda ake buga wa guduma a ƙeya ta juya da kanta, ita ke ceton mutum ranar da sukurun murfin inji ya kafe. Yadda ake yi, ka share ramin sukurun da tsinke ya fita tas, ka dasa bakin ya zauna, ka danna da nauyin jikinka kafin ka juya, dannawar ta fi juyawar muhimmanci.

Alanki 4, 5, 6 da 8, filaya ta gama-gari da mai dogon baki, guduma ƙarama da ta roba, mazurari, tire ko kwanon tarar baƙin mai, tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu yawa, tocila. Waɗannan ba sai na tsaya bayani ba.

Yanzu maganar ɗauri, nan ne nake so ka saurare ni sosai. Injin babur alminiyam ne, noti kuma ƙarfe ne, in aka yi kokawa tsakaninsu alminiyam ne zai sha kashi, tiredin ramin ya fito a jikin notin kamar zare. Ƙananan notinan nan masu kan lamba 8 da ke riƙe murfin inji ɗaurinsu bai wuce Nm 10 zuwa 12 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), wato ƙarfin wuyan hannu kawai da gajeriyar sifana, notin juye na ƙasan inji kuma wajen Nm 24 a yawancin ƙananan babura, amma na aksul ya haura 50. Ka ga kenan wanda ya saba ɗaure aksul ya zo kan notin juye da wannan ƙarfin ya gama da shi. Bakanike da ya daɗe hannunsa ya riga ya san ma'auni, kai sabon shiga hannunka bai sani ba, shi ya sa ni a ganina sifanar auna ɗauri, wadda take yin ƙas in an kai adadin, ta fi amfani ga mai koyo fiye da ƙwararre. Ba dole ba ce ranar farko, amma in za ka ƙara abu ɗaya mai ɗan nauyi a kayanka to ita ce. Kuma kowane noti ka fara shigar da shi da yatsu ya yi zagaye uku huɗu cikin sauƙi kafin sifana ta taɓa shi, in ya ƙi tun farko to a karkace ya hau, fito da shi ka sake.

Fulogi yana da sifanarsa ta daban mai zurfi, yawanci 16 ko 18, wadda ke zuwa da babur ɗin ma tana yi. Ka ajiye fulogi ɗaya sabo kullum, amma lambarsa ta zama daidai da ta littafinka. A tsarin NGK, kamfanin da ke yin fulogi, harafin farko kaurin tiredi ne, C milimita 10, D milimita 12, B kuma 14, lambar tsakiya ta nuna yadda yake ɗaukar zafi, harafin da ke biye kuma tsawon tiredin ne, H gajere E dogo. Shi ya sa C7HSA da ake sa wa ƙananan injina masu cc 100 zuwa 110 da D8EA da ke kan injin CG125 da ire-irensa ba sa musanya da juna, kuma in ka sa mai dogon tiredi a inda gajere ya kamata fistin na iya dukansa. Tazarar bakinsa a irin waɗannan mashinan milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Ka riƙa duba launin bakin in ka ciro, ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai toka-toka a bushe mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe, baƙi mai maiƙo inji ya fara shan baƙin mai, fari fat kuma mai ya yi kaɗan inji na zafi. Kar ka kwance fulogi inji na da zafi sosai, bari ya huce.

Wannan tazarar da me za ka auna? Da filageji, ƙananan ɓallayen ƙarfe ne siraran gaske a haɗe wuri ɗaya kowanne da lambarsa. Shi ne kuma za ka yi saitin tafet da shi, wato tazarar da ke kan bawul, aikin da mutane ke jin tsoro alhali da sifana ɗaya da filageji da haƙuri ake yinsa. Inji ya kwana ya yi sanyi, ka buɗe murfin, ka juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar jikin inji kuma ka ji duka hannayen bawul biyu suna ɗan motsi, sai ka zura ɓallen, ya kamata ya shige da ɗan jan ƙafa, ba sakwaf ba kuma ba da tilas ba. Yawancin ƙananan injina tsakanin milimita 0.05 da 0.10 suke, ka bi abin da littafinka ya ce. Abin da zan ja kunnenka a kai, wasu na matse tafet don inji ya yi shiru, to tafet mai ɗan ƙara ya fi wanda ya yi tsit, domin in ya matse bawul ba ya rufuwa sosai in ya ɗau zafi, a hankali sai ya ƙone, mashin ya riƙa wahalar tashi.

Baƙin mai shi ne abin da za ka fi yawan taɓawa. A yawancin babura masu giya mai ɗaya ne yake wanke inji da giya da kuloci gaba ɗaya, saboda haka ka duba jikin robar ka ga an rubuta JASO MA ko MA2. Man mota na zamani akwai masu sinadarin ƙara santsi, yana iya sa kuloci ya riƙa sulɓewa, ka ja totur inji ya yi ihu mashin bai tafi ba. JASO MB kuma na sikuta ne marasa giyar ƙafa. Kauri 10W-40 ko 20W-50 gwargwadon abin da kamfani ya ce da zafin inda kake, yawa kuma kusan lita ɗaya, wasu 0.8, galibi a rubuce yake a jikin inji kusa da murfin zuba mai. Ka yi juye inji na da ɗumi, ka ajiye wasar notin juye, ɗan zoben nan da noti ke zama a kai, guda biyu uku domin ita ake canzawa in ta baje, ba ƙarin ɗauri ke tsayar da yoyo ba. Injina da yawa ba su da filta ta takarda, ɗan rariyar ƙarfe ce da sifirin a bayan murfi, ka wanke ta da kananzir ka lura da yadda ta fito don ka mayar haka. In naka mai filtar takarda ne to ka ajiye ɗaya. Tsohon man kuma ka tara a jarka ka kai inda ake karɓa, kar ka zubar a ƙasa ko kwata.

Matatar iska in soso ce a wanke da kananzir a matse ba a murɗe ba, ta bushe, a ɗan shafa mata mai. In takarda ce ba a wanke ta, canzawa ake yi, saboda haka ita ma tana cikin abin ajiya.

Kaca kuwa buroshi da kananzir da man kaca ko man giya SAE 80 ko 90 sun ishe ka. Don Allah kar ka taɓa goge kaca inji na aiki da giya a ciki don ta riƙa juyawa da kanta, yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanyar, da hannu za ka juya tayar. Sakinta a tsakiya milimita 20 zuwa 30 a yawancin baburan titi, ka juya taya ka nemo inda ta fi tauri ka auna a nan, ka kuma tabbata alamomin gefen dama da hagu sun zo ɗaya in ba haka ba taya za ta karkace. Kaca mai tauri sosai ta fi mai saki ɓarna, tana cin boris na giya da na taya. Abin ajiya a nan shi ne mahaɗin kaca, ɗan ƙaramin abu ne amma sai na lambarka, 420 da 428 tsawon gaɓarsu ɗaya amma faɗinsu ya bambanta, 520 kuma babba ce. In za ka sa kilif ɗinsa rufaffen kan ya kalli inda kaca ke tafiya. Ranar da haƙoran siroket suka yi tsini suka lanƙwasa, ko ka ja kaca daga bayan siroket ta taso har ka ga rabin haƙori, to kaca da siroket biyu duka za a canza tare, sabuwar kaca a kan tsohon siroket asarar kuɗi ce.

Bangaren taya, geji na auna iska da famfo su ne kan gaba, domin matsa taya da yatsa ba awo ba ne. Ka auna taya na da sanyi, adadin yana jikin sitika a kan murfin kaca ko kusa da shi, ƙananan babura sukan kama wajen psi 25 a gaba da 29 zuwa 33 a baya. In mai tif ne ka ajiye tif ɗaya na gaba ɗaya na baya, da faci da gam da libar cire taya guda biyu ko uku, kar ka yi amfani da sukundireba, ita za ta huda maka sabon tif ɗin ka koma gidan jiya. Ka ɗan sa wa tif iska kaɗan kafin ka cusa shi don kar liba ta tsunkule shi. In mara tif ne akwai kit ɗin igiyar roba da ake cusawa a ramin ƙusa, yana kai mutum gida, amma hujin gefen taya ba a yi masa faci. Taya kanta ba abin sayen ajiya ba ce, roba tsufa take ko ba a hau ba, in za ka saya ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022.

Waya ta kuloci da ta totur ka ajiye ɗaiɗai, su ne ke tsinkewa a inda ba ka zata ba, kuma kafin su tsinke sukan ba da sanarwa, za ka ga silin waya ya fara warwarewa kusa da liba ko ka ji hannu ya yi nauyi. Libar kuloci da ta birki ma in ka samu ka ajiye, faɗuwa ɗaya a tsaye ta isa ta karya su.

Na wuta, mita ƙarama ta awon lantarki za ta raba ka da canke-canke. Batir mai lafiya in mashin na kashe zai nuna wajen volt 12.6, in ka tayar ka ɗan ja totur ya hau 13.5 zuwa 14.5, in bai motsa ba caji ba ya shiga, in ya wuce 15 kuma rektifaya, wato mai daidaita caji, ta lalace tana dafa batir tana ƙona ƙwan fitila. Da wannan awon kaɗai ka tsira daga sayen sabon batir alhali ba shi ne mai laifin ba. In za ka cire batir waya mai alamar ragi ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshe a mayarwa. Ka ajiye fis irin naka, amp 10 ko 15 ne galibi, da ƙwan fitilar gaba da na birki, da salatif na wuta da igiyoyin roba masu ɗaurewa. Fis in ya ƙone sau biyu a jere to akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, nemo ta za ka yi, naɗa masa waya ko sa wanda ya fi shi girma kuwa hanyar ƙona wayarin gaba ɗaya ce. CDI da kwayil masu kai wa fulogi wuta, da rektifaya, ni ban ga dalilin tara su a gida ba, ba sa yawan mutuwa, kuma in ka saya ka ajiye shekara biyu ka zo ka sa ya ƙi aiki wa za ka kama?

Kafireto, in mashin ɗinka mai shi ne, abin da kake buƙata feshin wanke shi ne da gaskit ɗin kwano guda. Akwai sukuru a ƙasan kwanon da ake sassautawa ruwa da datti su zube, sau da yawa wannan kaɗai ke gyara mashin mai shaƙewa. In ka ciro jet ka fesa ka hura ka ɗaga shi ga haske, kar ka soka masa allura, tagulla ce mai laushi, ramin zai buɗe mashin ya fara zuƙar mai har abada. Kuma kafin ka taɓa sukurun iska ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta, don ka iya mayar da shi inda yake. Mai injekta kuwa ka bar shi, iyakarka tsabtataccen mai da batir mai ƙarfi.

Sai giris gwangwani ɗaya na aksul da boris, da feshi irin WD-40 na kwance tsatsa, amma shi ba man kaca ba ne kuma kar ya kusanci birki. In za ka sa maganin hana noti kwancewa ka sayi shuɗi kamar Loctite 243, jan sai an gasa shi da wuta kafin ya saki. Ka samu gwangwani ka riƙa tara notina da wasa da filin aksul, filin nan mai ƙafa biyu sabo ake sawa duk lokacin da aka cire.

Birki za ka iya canza takalmin ko fad da kanka, ka ajiye saiti ɗaya, kuma a nan ne ba na yarda da araha ko kaɗan, jabun takalmin birki fatarsa na iya ɓallewa ta kulle taya kana tafe. Ka ɗauki hoton wurin da waya kafin ka kwance, wannan ma ka mai da shi ɗabi'a a kowane aiki. Man birki DOT 3 ko DOT 4 ne, a rubuce yake a kan murfin, kar ka haɗa da DOT 5 domin shi na silikon ne, ka sayi ƙaramar roba saboda in an buɗe yana zuƙar danshi, ana canza shi duk shekara biyu, kuma yana cin fenti in ya ɗiga. Bayan ka sa sabon fad ka matsa liba sau da yawa har ta yi tauri tun mashin na tsaye, matsawar farko fanko take zuwa.

Abin da ba zan ce ka saya ba su ne kayan buɗe cikin inji, irin abin ciro magneto da na riƙe kuloci da na matse sifirin ɗin bawul, haka su fistin da ringi da kanshaf. Waɗannan sai an buɗe an auna kafin a san girman da za a saya, kuma aikin na mai hannu ne. Gyaran sifok, shokozobar gaba da boris na wuya ma ka bar wa bakanike har sai ka tsaya ka kalli yadda ake yi. In za ka sayi wani abu ka tafi da tsohon a hannu ko lambar da ke jikinsa, boris misali lambarsa a rubuce take a gefe kamar 6301 ko 6202, domin babura biyu masu suna ɗaya na shekaru daban-daban kan zo da kaya mabambanta.

Cikin duk waɗannan, wanda zai riƙa bin ka a jikin mashin ɗan kaɗan ne, sifana 8, 10, 12, 14 da ta aksul, sifanar fulogi da fulogi, sukundireba, filaya, fis, mahaɗin kaca, kayan faci da ɗan famfo, ka naɗe su a tsumma don kar su riƙa ƙara. Sauran su zauna a gida. In za ka yi aiki ka kafa mashin a kan jak ɗin tsakiya a ƙasa mai tauri, ka rufe makunnin fetur, ba sigari ba wuta a kusa, in kuma za ka tayar da inji ka fito da shi waje ko ka buɗe ƙofa da taga duka, hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ba tare da ya ji wani wari na daban ba.